Ruwa Ya Kulle Mu a Ɗaka, Wane Wasa Zan Yi da Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. 'Ya'yana uku, muna haya a ciki da falo a Gyallesu. Ga hutun makaranta ga marka, babu wajen wasa, kullum faɗa suke a kan wayata. Babban shekararsa 9, autar 3. Me zan yi da su a ɗaki wanda ba sai na kashe kuɗi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ruwan Agusta a Zariya na san shi, ya wuni yana zuba, lungu ya cika da taɓo, yaro ko ƙofar gida ba zai leƙa ba. Ni ma a ɗaki ɗaya na yi renon nawa a Tudun Wada, don haka abin da na gwada zan faɗa miki.

Ki nemi kiret ɗin ƙwai na kwali wurin mai shayin unguwarku. Ki ƙirga gurabensa: 30 ne, layi biyar, kowanne gurbi shida, daidai da gidan dara. Ke ki riƙe ƙwallon dabino 12, babban ya riƙe murfin kwalba 12. Ku riƙa zubawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a fara turawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Kada ki riƙa bari ya ci ki don tausayi, yaro yana ganewa. Ranar da jikana ya cinye ni da gaske, tsalle ya yi har ya kifar da kiret ɗin, ya ruga ya faɗa wa kakansa tun kakan bai gama cire takalmi ba. Sai dai ki sa ido a kan autar, 'yar shekara uku komai baki take kaiwa. Ita ki ba ta tsumma ta goya 'yar tsana, ko ku yi ɓuya a bayan labule.

Bayan sallar Isha, ko da wuta ko babu, ki kife wayar, ki shimfiɗa tabarma, ke ma ki zauna a ƙasa tare da su. Zaman nan naki shi suke nema tun safe. Ki fara da kacici-kacici: Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka, gemu na waje. Wanda ya kasa sai ya ba da gari kafin a ce masa tsintsiya ce, ko wuta da hayaƙi. A gidana sunan ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Zariya ake bayarwa maimakon gari. A haka yarana suka haddace Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo, har suka fara tambayata labarin ganuwa da Sarauniya Amina.

In ido ya fara nauyi sai ki ce, “Ga ta nan, ga ta nan ku.” Ki ƙanƙance murya irin ta Gizo, ki tsaya daidai inda Ƙoƙi ta gano shi, ki ce sai gobe.

Maigidan kuma kada ki ƙyale shi da rediyonsa a gefe. Ki miƙa masa ƙwallayen dabinon, ki ce ɗansa ne ya ce a yi masa magana, wai ya zo su gwada.