Amsar tambayar Alhaji kan zuwa Iskandariyya

(Muryar da ɗan'uwanmu ɗalibin Azhar ya turo jiya da daddare ce na rubuta, saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da dare, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ga tambayarka tun bayan la'asar, ina wajen karatu ne shi ya sa. Ka ce likita ya ba ku kwana huɗu kafin ku koma ya sake duba gwiwar, Hajiya kuma ta gaji da zaman ɗaki a Alƙahira, kana so ka kai ta Iskandariyya ta ga teku, me ake gani, me ake yi. To rubutu ba zai ɗauke ba, bari in yi magana kawai. Ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai tafiyar ba wata tafiya ba ce. Kilomita 220 ne ko kusa da haka. In jirgin ƙasa ne, daga tashar Ramsis za ku hau, awa biyu da rabi zuwa uku kun isa. Tasha biyu ce a garin, Sidi Jabir ita ce ta farko, sai Mahaɗɗat Misr ta ƙarshe. Amma ni da Hajiya da gwiwa, shawarata ku ɗauki shatar mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. Hawa jirgi da sauka da cunkoson Ramsis, mai lafiya ma yana jin jiki.

Yauwa. Abin da nake so ka riƙe, Alhaji, kada ka yi irin zuwana na farko. Na rubuta wurare takwas a takarda, na ce sai na gama su a wuni ɗaya. Wallahi na gama, amma da na dawo aka ce yaya teku, sai na tuna ban zauna gabanta ko minti goma ba. Garin nan a miƙe yake a bakin Bahar Rum kamar an shimfiɗa tabarma, titi ɗaya ne ya ɗauko shi daga wannan kai zuwa wancan, suna ce masa Kurnish, ya haura kilomita 15. Ku nemi masauki mai kallon ruwa, kuma kafin ka biya ka tambaya ko lifta tana aiki. Ka ce a nuna maka tana aiki, kar ka tsaya a "aiwa, aiwa", wato "e, e" ɗinsu. Tsofaffin benaye ne da yawa a can.

Ranar farko ku nufi unguwar da suke kira Bahari, can ƙarshen yamma. Nan ne zuciyar abin, a ganina. Akwai wani fili da ake ce wa Midanul Masajid, wato dandalin masallatai. Babban cikinsu shi ne masallacin Abul Abbas al-Mursi, mutumin Andalus ne, daga garin Mursiya da ke Sifen a yau, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali, ya rasu a 1287. Ginin da yake tsaye yanzu na shekarun 1940 ne, kuma abin mamaki wani Ba'italiye ne ya zana shi. In ka shiga ka ɗaga kai ka kalli rufin, sai wuyanka ya gaji. Mata suna da ƙofarsu ta daban.

To amma wanda na san zai taɓa Hajiya, shi ne ƙaramin da ke gefensa. Masallacin Imam Busiri. E, shi dai, mai Burda da Hamziyya. Kabarinsa yana ciki, kuma baitocin Burdar an rubuta su a jikin bango sun zagaye. Ni dai ranar da na shiga, ban san lokacin da bakina ya kama ba, da irin karin da kakata take yi da asuba tana shara a tsakar gida. Wani dattijo Bamisire da ke zaune jikin ginshiƙi ya juyo yana kallona, ya ce daga ina, na ce Najeriya. Ya ce ku ma kuna yin ta? Na ce Baba, a wajenmu har wadda ba ta iya karanta Larabci ba ta haddace ta. Sai ya kama hannuna bai saki ba har na kai ƙarshen fasalin. Na san a gidan nan kowa da fahimtarsa kan ziyarar kabari, ba wannan na zo tayarwa ba, don Allah kar a mayar da shi muhawara cikin dare. Wanda zai yi salla ya fita, ya yi. Ni dai na faɗi abin da yake wurin.

Daga nan ba nisa sai Ƙal'ar Ƙaitabai, wato tsohon sansanin tsaro da ke bakin teku. Sarki Ƙaitabai na Mamalik ne ya gina ta daga 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar nan ta Iskandariyya take, wadda ake kunna wa wuta a samanta jiragen ruwa su gane hanya. Tsayinta ya haura mita 100, tana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, girgizar ƙasa ce ta yi ta cinta har ta rushe, aka ɗebi duwatsunta aka sa a ginin ƙal'ar. Ciki akwai ɗan masallaci, akwai lunguna da tagogin da ake harbi ta ciki. Amma matakala ce ko'ina, kuma dutsen ya sha ƙafa ya yi santsi. Hajiya kar ta hau. Ku samar mata kujera a waje inda masu kamun kifi suke jere da sandunansu, a sayo mata askirim, kai ka shiga ka leƙa ka fito. Ta fi ka riba ma, don iskar wajen ita ce abin zuwa.

Sai maganar kifi. Alhaji, a nan ka saurare ni da kyau. A Bahari ba a kawo maka takardar abinci ka zaɓa. Kai za ka tashi ka je gaban tebur, kifin yana kwance kan ƙanƙara, ka nuna wanda kake so, a ɗora a sikeli a gabanka. Ka duba idonsa, in yana sheƙi garau to na yau ne, in ya yi hazo ka wuce. Akwai buri, akwai wanda suke ce wa dinis, akwai jatan lande, su gambari suke cewa, da ƙaguwa ga mai ci. Sai a tambaye ka yaya za a yi shi. Ka ce singari. Buɗe shi ake yi gida biyu kamar littafi, a zuba tumatir da albasa da tattasai da tafarnuwa da lemon tsami a kai, a sa a tanda. Ya zo da shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa. Kai, bari kawai. Amma ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora, ka tambayi kuɗin gashi, ka tambayi ƙananan kwanukan nan da ake jerawa ba ka ce a kawo ba. Ni wani waje, ba zan kama suna ba, na ci na sha na yi hamdala, da aka kawo takardar kuɗi sai da abokina ya ranta min na mota. Laifina ne, ban tambaya ba.

In kifi ya ishe ku, akwai hanta irin ta garin, kibda Iskandarani, ana yanka ta siri-siri a soya da barkono a cusa a burodi. Yajinta zai tuna maka gida. Da yamma kuma masu gasa masara suna nan birjik a Kurnish.

Rana ta biyu, ɗakin karatun nan, Maktabatul Iskandariyya. An buɗe shi a 2002 don tunawa da tsohon wanda ya ɓace tun zamanin da. Daga waje kamar faifai ne aka jingina yana kallon teku, bangon kuma dutsen Aswan ne, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan iri 120 a jiki. Za ka ga mutane suna ta neman nasu. Shi wannan ya dace da Hajiya, akwai lifta, akwai sanyi, kuma akwai sashen tsofaffin littattafan hannu, Alƙur'anai da sauransu. Kada dai ku je ranar Juma'a. Kuma ka riƙe katin banki, wuraren tarihi da yawa yanzu ba sa karɓar kuɗi a hannu, farashin baƙo kuma daban yake da na ɗan ƙasa. Ɗalibai ku da ke ji, ku tafi da katin makaranta, ana ragi.

Da la'asar sai Muntaza, can ƙarshen gabas. Lambu ne babba na gidan sarauta, Khidewi Abbas Hilmi, mai mulkin Masar a lokacin, ya fara ginin a 1892, Sarki Fu'ad ya ƙara babbar fadar a 1932. Ba a shiga fadar, amma ga itatuwa ga inuwa ga ruwa. A hanyar dawowa ku ce wa direba ya bi ta gadar Stanley bayan magariba, lokacin an kunna fitilu.

Wani ya rubuto a ƙasa wai kar a manta da Kom Shuƙafa. Gaskiya ne wurin abin gani ne, kaburbura ne na zamanin Rumawa da aka fafe cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, an gano su a 1900, ana cewa jaki ne ya rufta ciki. Amma matakala ce mai murɗawa kamar ana shiga rijiya. Wadda aka yi wa aikin gwiwa? Haba. Shi da dogon ginshiƙin nan Amudus Sawari da ke kusa, ku bar su sai wani zuwan. Gara ka kai ta Zanƙatus Sittat, kasuwar mata ce a wajen Manshiyya, lungu ne matsattse cike da mayafai da zare da turare da kayan kwalliya, ta yi wa jikoki tsaraba. Sai dai ku je da hantsi kafin a cika. Kuma duk abin da aka faɗa, ka taya ƙasa sosai, ba sa fushi.

Abu biyu kan ruwan. Na ɗaya, tekun nan ba kogi ba ne, ba kuma dam ba ne. Samansa lafiya lau, ƙasansa yana ja. Yaran da za ku tafi da su, iya gwiwa ya isa, kuma in an kafa jar tuta ko ƙafa kar a sa. Na biyu, yanzu da sanyi ya fara shigowa, suna da wata guguwa mai ruwan sama da suke kira nawwa, igiyar ruwa tana tsallake katangar Kurnish ta faɗo kan titi. Wayata ta farko a can ta mutu, ina tsaye ina ɗaukar hoto. Ku tafi da rigar sanyi da bargon Hajiya, ka duba hasashen yanayi kafin ku kama hanya. Amfanin zuwa yanzu shi ne babu cunkoso. Da a watan bakwai ko takwas ne, duk Alƙahira can take kwashewa, wurin shimfiɗa darduma ma sai ka yi da gaske.

Tasi ɗinsu baƙi da rawaya ne, ku yi ciniki kafin ku shiga, ko ka kira ta waya kawai ka huta. Masu keken doki kuma za su bi ku suna "hantur, hantur", in Hajiya tana sha'awa a yi tsada tukuna, a kuma faɗi daga ina zuwa ina.

Cajina ya kusa ƙarewa. Alhaji in kun tsayar da rana ka yi min magana ta gefe, akwai yaronmu da ke karatun likitanci a can, zan haɗa ku ya tare ku. A gaishe min da Hajiya, a ce ta sa mu a addu'a, jarrabawa ta matso. Sai da safe.