Kun Tambaya: Manhajar lissafinmu ba ta san kowa ba sai laftof ɗin da take ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo. A wata tsohuwar manhaja nake shigar da taki da irin da muka ba da bashi, da buhunan da aka biya bayan girbi. Manhajar ba ta neman rumbun bayananta ko'ina sai cikin laftof ɗin da take kai. Yanzu shugabanmu ya kama hayar saba, wato kwamfutar da ake ajiye bayanai a kanta a intanet, don sakatarenmu da ke Dutse ya riƙa ganin lissafi. Wani yaro ya ce zai taɓa cikin manhajar, ya buɗe ƙofa mai lamba 3306 a sabar, sai a tura mana kalmar sirri ɗaya a zaurenmu na WhatsApp. Hankalina bai kwanta ba. Ɗalibinka, daga Auyo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Lambar da ka ambata ta nuna rumbunku MySQL ne ko ɗan'uwansa MariaDB, kuma dare da rana akwai na'urorin da ke zagaye intanet suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri. Ba ruwansu da cewa ku manoma ne. In suka shiga, su kwashe bayanan ko su goge, su bar saƙon neman kuɗi. Sai ka tsaya gaban mutum ɗari ka faɗa musu littafin bashi ya ɓata.

Kada a taɓa manhajar, kada a buɗe ƙofar. A sa ɗan tsakani. Manhajarka tana kiran adireshin 127.0.0.1, wanda a kowace kwamfuta ma'anarsa "ni kaina". To, sai a ajiye wata ƙaramar manhaja ta zauna a wannan adireshi, ta karɓi saƙon, ta ɓoye shi, ta kai shi saba ta hanya rufaffiya, ta dawo da amsa. Tsohuwar manhajar ba za ta ma san ta fita daga ɗaki ba.

Wanda ya fi sauƙi a wurinku shi ne SSH. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. Kyauta ne, kuma yana cikin Windows 10 da 11. Bayan an kwafe bayanan zuwa saba, an kashe rumbun da ke kan laftof, umarnin layi ɗaya ne: ssh -N -L 3306:127.0.0.1:3306 suna@adireshin-saba

Inda nake so ka dage shi ne izinin shiga, domin a nan ake yin sakaci. Umarnin ssh-keygen -t ed25519 zai haifar maka da fayil biyu, kamar kwaɗo da mukullinsa. Kwaɗon ake kai wa saba. Ko duniya ta gan shi ba komai. Mukullin kuwa ba ya barin laftof ɗinka, ba a filash ba, ba a WhatsApp ba, kuma ka ɗora masa tasa kalmar sirrin lokacin da aka tambaye ka. Sakatare ya yi nasa daban a Dutse. Kwaɗon kowane ɗayanku layi guda ne a fayil ɗin authorized_keys da ke kan saba, inda ake jera waɗanda aka yarda su shiga. Ranar da aka canza sakatare, ko aka sace laftof a mota, layin nan kaɗai za a goge, kowa ya ci gaba da aikinsa. Da kalmar sirri ɗaya ce, sai an canza wa kowa, kuma ba wanda zai iya cewa ga wanda ya rage wa ƙaninsa buhu biyar. Daga nan a hana shiga sabar da kalmar sirri kwata-kwata. A cikin rumbun ma, sakatare izinin dubawa ya ishe shi, tunda gani aka ce zai yi.

Karon farko da ka haɗa, SSH zai nuna maka wasu dogayen haruffa, tambarin sabar ke nan. Mutane na danna amincewa ido rufe. Kai ka kira wanda ya kafa sabar a waya ya karanto maka nasa, ku gwada.

In wata rana kuka koma wurin kamfanin da ke riƙe bayanai da kansa, za ka tarar da OAuth 2.0, tsarin ba da izinin shiga da aka fitar a 2012. Can ɗan tsakanin zai buɗe maka burauza, ka shiga a shafin kamfanin, a ba shi tikitin izini mai iyaka da wa'adi, shi bai ga kalmar sirrinka ba. Tikitin yakan zauna a fayil cikin laftof, don haka kafin ka kai ta gyara Haɗeja ka soke shi, ka sa a cire layinka na SSH ma har ta dawo.

Abin da wannan dabara ba ta gyarawa shi ne sabis. Manhajar da aka rubuta don rumbu na kusa tana yawan 'yan ƙananan tambayoyi, kowace kuma yanzu sai ta je saba ta dawo ta hotsfot ɗin wayarka. Za ta yi nauyi, in layi ya yanke tana iya tsayawa cak a tsakiyar shigar da lissafi. Ka gwada da kwafin bayanai a ranar da ba jama'a, ba ranar rabon taki ba. In nauyin ya yi yawa, ka bar rumbun a laftof yadda yake, ka riƙa tura kwafinsa saba kowace yamma ta SSH ɗin nan, sakatare ya duba da safe.