Amsa ga ƴar uwar da ta tambayi zancen gwajin miyau

Salamu alaikum ƴar uwa, na ga tambayarki tun jiya da dare, kin ce hannun Inna na rawa kuma ta fara mantuwa, kin ji wai ana gane irin wannan ciwon ƙwaƙwalwa ta miyau, ko akwai inda ake yi a Yamai. Allah ya ba ta lahiya. Na kasa wucewa don abin da muka sha da Babanmu ke nan.

Gaskiya gwajin miyau bai fito ba tukuna, bincike ake. Kar ki zauna jiransa, kuma in wani ya ce ki kawo kuɗi ya yi mata kar ki ba da ko dala.

Namu a Tawa ya fara, hannun dama, yana zaune yatsunsa na murzawa kamar mai jan tasbaha alhali ba komi a hannun. Sai tafiya ta koma jan ƙafa, sai dalala, kullum da safe matashinsa jiƙe sharkaf, shi mutum mai tsabta har ya daina fita majalisa don kunya. Wasu suka ce sammu, wasu tsufa, muka ɓata wajen shekara biyu muna jiƙe-jiƙe da hayaƙi kafin muka ɗauko shi muka zo Yamai wajen likitan ƙwaƙwalwa. Wallahi ba na'ura ya fara sa mai ba, cewa ya yi ya tashi ya yi tafiya, ya lanƙwasa hannunsa, ya sa shi rubutu, rubutun ya fito ƙanana ƙanana, ya tambaye mu ko yana jin wari ko yana fama da taurin bayan gida, sannan ya ce ciwon da ake kira Parkinson ne. Ya rubuta mai wani magani, levodopa, cikin ƴan satuttuka Baba ya koma ɗaukar kofin shayinsa da kansa. Ba ya warkarwa amma yana sassautawa ƙwarai. Dalalar ma ashe ba yawan miyau ba ne, haɗiyewa ce ta ragu.

Daga nan na shiga karance-karance a intanet. Abin da masana ke nema a miyau furotin ne da ke lalacewa su dunƙule a ƙwaƙwalwa, na Parkinson sunansa alfa-sinukilin, na Alzheimer mai sa mantuwa kuma amiloyid da tau. An fi auna su a ruwan ƙashin baya, wannan allurar da tsohinmu ke gudu kamar mutuwa, shi ya sa ni kaina nake roƙon Allah na miyau ya tabbata, tsoho ya tofa a ƴar kwalba a ƙauye a aiko da ita, shi ke nan. Matsalar, miyau kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, furotin ɗin ɗan mitsitsi, kuma yana sakewa da abin da mutum ya ci, da magungunan da yake sha, da jinin dasashi, to ina ga tsohuwar da goro bai barin bakinta. A 2017 masu bincike a Sifaniya sun ga wani furotin laktoferin ya yi ƙasa a miyaun masu Alzheimer, aka yi ta murna, a 2021 aka sake gwadawa a Danmak ba a ga wannan bambancin ba. Na jini ma ya riga shi, a 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko na Alzheimer.

Abin da zan roƙe ki, ki kai Inna wajen likitan ƙwaƙwalwa, ki ɗauki bidiyon rawar hannun da wayarki don wani lokaci gaban likita sai ta lafa, ki kwashe duk magungunan da take sha a leda har na ƴan tebur ki nuna mai, akwai na amai da na taɓin hankali da ke sa irin wannan rawar. Mantuwar kuma a duba jini, ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo na kawo ta kuma su ana maganinsu. Ki je da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita, tambayoyin barci likita zai yi da yawa, mu ƙanwata ce ta amsa su duka.