Tambaya da Amsa: Jan Tauraron Nan na Lokacin Ɗari

Tambaya: Malam, a lokacin hunturu da daddare ina ganin taurari uku a jere, can gefensu kuma akwai wani ja mai haske. Wane tauraro ne, me ya sa yake ja? Kuma gaskiya ne ya kusa fashewa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, wannan shi ne Betelgeuse, sunan da ya samo asali daga Larabci, Yadul Jauza'i. Jansa alamar ƙarancin zafi ce. Dubi ƙarfe a maƙera: da fari yakan yi ja, in an ci gaba da zuga sai ya koma fari. Zafin fuskarsa kusan digiri 3,300 ne a ma'aunin Salshiyas, na rana kuwa 5,500. Amma ya fi rana haske wajen sau 100,000, saboda faɗinsa ya ninka nata sau 700 ko fiye. Da za a ajiye shi a mazaunin rana, da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mas.

Yadda aka san girman nan ya cancanci a tsaya a kai. Abu biyu ake buƙata: faɗinsa yadda ake hango shi, da nisansa. Na farkon masana biyu, Michelson da Pease, suka auna a 1920 a dutsen Wilson da ke Amurka, suka ga bai wuce kwabo da aka hango daga nisan kilomita 100 ba. Matsalar tana wajen nisa. Ana auna shi ne da ɗan gocewar da tauraro ke yi idan an dube shi yau, aka sake dubawa bayan wata shida, lokacin da duniya ta zagaya zuwa ɗaya gefen rana. To gocewar Betelgeuse ba ta kai faɗin jikinsa ba, ga fuskarsa kullum tana tafasa, tsakiyar haskensa na ƙaura. Shi ya sa wani lissafi ke ba da nisan da haske zai yi shekara 550 yana tafiya, wani 700, girman ma sai ya canza tare da nisan.

Maganar fashewa ta taso ne daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, lokacin da haskensa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Hotunan babbar na'urar hangen nesa mai suna VLT da ke ƙasar Chile sun nuna cewa iskar gas ce ya fitar, ta huce ta zama ƙura, ta rufe masa gefen kudu. Daga baya hasken ya dawo.

Fashewa kam zai yi, domin nauyinsa ya ninka na rana sau 15 zuwa 20, kuma irinsu sukan ƙone makamashinsu da sauri. Shekarunsa miliyan 10 kacal, na rana biliyan 4.6. Masana na sa ran haka cikin shekara 100,000 masu zuwa. Ranar da ya faru za a gan shi ko da tsakar rana, amma nisansa ya isa ya kare mu daga cuta.