Ya halatta in yi wa mahaifiyata tsarki da hannuna?

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta haura shekara 80. Ɓarin jikinta ya shanye, ga mantuwa ta shigo, wani lokacin da sunan marigayi yayanta take kirana. Likita ya ce sai dai lallaɓawa. Ƙannena mata suna gidajen aurensu, nesa da mu. Matata ce ke wanke ta, ta gaji har mun fara samun saɓani. Zan iya yi mata tsarki da kaina? Yaya sallarta da azuminta?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Mu fara da matarka. Jinyar suruka ba wajibinta ba ce a shari'a, alheri ne take yi maka, sai ka gode mata, ka daina ƙorafi. Nauyin yana kanku, ku da Hajiya ta haifa, maza da mata. Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ɗora wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa mabuƙata har da mai yi musu hidima, kuma ana raba kuɗin gwargwadon ƙarfin kowa. Don haka ku zauna da ƙannenka ku ɗauki mace mai jinya, ko su riƙa karɓa-karɓa da yardar mazajensu.

Idan babu mace a kusa, ga Hajiya kwance cikin najasa, to ka wanke ta. Larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta. Ka sa safar hannu, ka lulluɓa mata zane, ka buɗe inda za a wanke kaɗai, ka kawar da idonka iyakar iyawa. Na san kunya za ta kama ka, kunyar ɗan Bahaushe ce, kuma abin yabo ce. Sai dai barinta a jiƙe har bayanta ya yi gyambon kwanciya cutarwa ce, ita kuwa haramun ce. Ka lura da fuskarka ma a lokacin. Allah Ya hana a ce wa iyaye ko "tir" a Suratul Isra'i, aya ta 23, kuma tsaki ko toshe hanci a gabanta duk ɗaya ne. In ta kira ka da sunan yayanta, ka amsa mata da daɗin rai, ba sai ka yi ta gyara mata ba.

Salla kuwa tana bin hankali. Lokacin da ta dawo hayyacinta, a yi mata alwala ko taimama, ta yi a zaune ko a kwance da ishara, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini a hadisin Bukhari. Fitsarin da ke zuba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala a mazhabar Malik. Lokacin da hankali ya gushe har salla ta fita, babu ramuwa, kuma ba a yi wa wani salla.

Azumi ya faɗi a kanta. Idan tana gane Ramadan, an so a ciyar da mudun Annabi ɗaya kowace rana. Idan ba ta ganewa, babu ko ciyarwa.

Wallahu a'alam.