Gwiwa da kayan lasifika: amsoshin wannan satin

Jama'a salamu alaikum. Wannan satin kamar haɗa baki kuka yi, tambayoyin gwiwa ne suka cika min waya, to bari mu ɗauke su a haɗe.

Wani matashi daga wajen Gaya ya ce sati 3 kenan da ya faɗi a babur, gwiwar ta kumbura, aka kai shi wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure, yanzu kumburin ya sauka amma in ya taka sai ya ji tana zillewa kamar za ta kayar da shi. Ya ga ana tallar wata safar gwiwa mai maganaɗisu a Facebook naira 35,000, wai ya sayar da akuyarsa ya saya?

Ɗan'uwa bar akuyar nan ta ci gaba da cin dusarta. Gwiwar da take zillewa sau da yawa jijiyar da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri ce ta yage, kuma jijiya ba ƙashi ba ce balle a ɗora ta, ko hoton ƙashi na yau da kullum baya nuna ta, sai likita ya kama ƙafar ya gwada da hannu, in ta kama a yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya. Kai ba ka ma san abin da ya lalace ba amma har ka yanke kuɗin magani? Ni wannan ɗabi'ar tamu ita ke ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Mutum zai ce bashi da kuɗin motar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, amma ranar kasuwa yana jin mai lasifika a bayan mota yana cewa maganinsa na sanyin ƙashi da basir da ciwon baya da ƙarfin maza duk kwalba ɗaya, sai ka ga hannu ya tafi aljihu. Yau man zafi, gobe awarwaron maganaɗisu, jibi wata 'yar na'urar tausa mai caji da ba za ta kai sallah ba, in ka tara kuɗin sun kai ka Kano sun dawo da kai sau nawa. Maganaɗisu baya ɗinke jijiya, ko na dubu ɗari ne. Safar roba ta gwiwa, ta kirki a kemis mai rijista, iyakarta ta ɗan matse wurin ka ji daɗin taku, in kuma ta matse da yawa ƙafar ce za ta kumbura daga ƙasa.

Wanda ya fi tsorata ni ma shine haɗin nan da ake ƙullawa a leda, ja da fari da ɗorawa, ba suna ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa. Da yawa akwai diclofenac a ciki da dexamethasone, kana sha ciwo ya ɗauke ka ce Alhamdulillah mai magani ya iya, sai ka koma gona ka ƙarasa yaga abin da ya rage. Bayan wata biyu fuska ta cika kamar ka samu kuɗi, sukari ya hau, gyambon ciki ya taso, ƙoda tana wahala shiru. Akwai wani maƙwabcinmu da na ga haka da idona, garin neman sauƙin gwiwa ya ƙare da aman jini, sai da aka yi masa ƙarin jini. Kar a ce na zagi masu ɗori, iyayenmu ne kuma suna da nasu, amma gwiwa mai zillewa ba hurumin su ba ce. Je a duba ka tukuna, ka tambayi sashen gashi, fisiyo kenan, su za su nuna maka atisayen da zai ƙarfafa cinyar, don naman cinya shine mai gadin gwiwa.

Sai wata Iya daga ƙauyen Ringim, ɗanta ne ya rubuto a madadinta. Ta zame a bakin rijiya, an duba a Dutse an ce ba karaya, a riƙa zuwa gashi sau 2 a sati, to kuɗin mota ya gagara, kuma hankalinta ya tashi tana ganin gurguncewa za ta yi, ko sallah ta kasa durƙusawa.

Sannu Iya, Allah ya ƙara sauƙi, ki kwantar da hankalinki. Tunda ba karaya in sha Allahu za ki taka. Ɗana, kai zan ba aiki. Ku koma ko sau ɗaya ne ka faɗa wa likitan gashin gaskiya cewa zuwa biyu a sati ya fi ƙarfinku, ka roƙe shi ya koya maka na gida, ka ɗauka a waya yana nunawa, sai ku daidaita ranar da za ku riƙa komawa yana duba cigaba. Yawancin aikin dama a gida ake yi. Ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa, a naɗe zani a sa ƙarƙashin gwiwar, ta danna shi tana ɗaure cinya ta ƙirga 5 ta saki, kamar sau 10, safe da rana da dare. Sannan ta kwanta ta riƙa jan diddige zuwa jikinta a hankali tana mayarwa. Ɗan tsami ba komai, amma zafi mai suka ko sabon kumburi a dakata a tambaya. Sallah ta yi a kujera, addini ya sauƙaƙa. Kuɗin da za ku kashe mai amfani shine kafinta ya yi mata kujera mai huji a ɗora kan masai, don tsugunon nan shi ke mayar da aiki baya. In kuma sha-raɓarta ta kumbura tana zafi, ko gwiwar ta yi ja da zazzaɓi, kar ku kwana, asibiti kai tsaye.

Wani ɗan ƙwallo daga Bichi, wata 2 da yi masa aikin jijiyar gwiwa, wai wane takalmi zai saya ya buga gasar unguwa.

Silifas. Wanda aka yi wa irin wannan aikin yawanci sai wajen wata 9 likitoci ke barinsa ya koma fili, shi ma sai an gwada ƙarfin ƙafar. Kuɗin aikin farko ka gama biya ne da kake neman na biyu?

Wata ta ce mijinta ya yi targaɗe jiya, ruwan zafi ko ƙanƙara?

Kwana 2 zuwa 3 na farko sanyi, minti 15 zuwa 20, a naɗe ƙanƙarar a tsumma kar a ɗora kan fata tsirara, a ɗaga ƙafar kan matashi. In garinku ba wuta tsumma da ruwan randa ma ya rage. Gashi da ruwan zafi da murza man zafi a ranar farko ƙara kumburi suke.

Na ƙarshe, Baba daga Gumel yana tambayar sandar ƙarfe ta kanti da ta katako wacce zai saya.

Baba duk wacce aljihu ya ɗauka, tsayin shine magana. In ka tsaya ka saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunka, ƙasanta kuma a sa roba ko guntun taya saboda santsin siminti. Ka riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba ɓangaren mai ciwon ba kamar yadda kowa ke yi.