Filastar maganin rashin natsuwa: amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Amurka

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce likita ya tabbatar kana da larurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, wadda ake kira ADHD, kana shan ƙwayar Ritalin, kuma ka ji a nan Amurka akwai maganin da ake mannawa a fata kamar filasta, kana son sanin wane awo ne zai yi daidai da ƙwayarka. Ni ba likita ba ne, amma ɗana ya shekara biyu a kanta.

Ba a yin wannan lissafin a gida. Abin da ya bi ta fata da abin da ya bi ta ciki ba iri ɗaya jiki ke karɓarsu ba, shi ya sa ko wanda ya daɗe da ƙwaya, daga ƙasa likita yake faro masa.

Filastar iri biyu ce. Daytrana, mai sinadari ɗaya da Ritalin ɗinka, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da ita a 2006, kuma don 'yan shekara 6 zuwa 17 ce kawai. Awonta miligiram 10, 15, 20 da 30 ne a cikin awa 9, ana ƙarawa mako-mako idan da buƙata. Kai da ka wuce ashirin, wadda aka amince wa manya ita ce Xelstrym, ta 2022, kuma sinadarinta daban ne. Manya suna farawa da miligiram 9, iyaka 18.

Abin da na koya a gida shi ne agogo ya fi lambar muhimmanci. Sai ta yi kamar awa biyu kafin ta fara aiki. Ƙarfe shida nake shiga ɗakin yaron, ko ido bai gama buɗewa ba, in manna masa a kwatangwalo, in danne da tafin hannu daƙiƙa 30. Yau dama, gobe hagu. Bayan an cire ma maganin yana nan a jiki na wasu awoyi. Akwai lokacin da ya daina cin tuwon dare, barci ya gagara, sai likita ya ce mu riƙa cirewa da wuri maimakon a rage awon, abin ya daidaita. Ba a yanka ta da almakashi don a rage ƙarfinta.

Ka kula da zafi. Sanyin Janairu zai sa ka nemi bargon lantarki, to zafi yana sa maganin ya shiga jiki fiye da kima. Sannan mu masu baƙar fata akwai abin da ya kamata mu sani: a 2015 FDA ta yi gargaɗi cewa Daytrana na iya kawo farin tabo a fata wanda ba ya komawa. Ni kam duk sati sai na duba jikin yaron.

Batun samu kuwa, doka ta tsananta a kan magungunan nan, duk ƙarewa sai da sabuwar takardar likita, kuma ba wa aboki ko da ƙwaya ɗaya laifi ne. Ka taho da ƙwayarka a kwalinta na asali, da wasiƙar likitanka da Turanci, da rahoton gwajin da aka yi maka. Kana sauka ka nemi ganin likitan makaranta, don layin kan yi tsawo kuma wasu sai sun sake gwajin kafin su rubuta. Ka kuma tambayi inshorar makarantarku ko tana biyan filasta, don ta fi ƙwaya tsada nesa ba kusa ba.